Abin da jinin masu sanƙarau ya koya mini

Aikina gwajin jini ne a wani asibitin gwamnati a arewa maso yammacin Najeriya. Daga ƙarshen 2016 zuwa bazarar 2017 sanƙarau nau'in C ya ɓarke, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kama sama da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka rasu. Rigakafin da aka yi a baya na nau'in A ne, bai tsare kowa daga wannan ba. Hankalin jama'a duk yana kan ruwan laka, wanda ake zuƙowa ta baya. Ni kuwa nawa ya koma kan jini, domin a cikinsa na riƙa gane wanda ke cikin haɗari tun kafin dare.

Idan na shimfiɗa ɗigon jini a gilashi, na rina shi, na sa a madubin ƙara girma, nutrofil nake fara nema. Su ne mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin baligi, rabi zuwa kashi 70 cikin ɗari, kuma su ke fara isa duk inda bakteriya ta shiga. Lafiyayye cibiyarsa a rarrabe take gida uku zuwa biyar. A jinin waɗannan marasa lafiya sai in tarar da 'yan ƙanana waɗanda cibiyarsu ba ta rabu ba tukuna, ɓargo ya turo su kafin su nuna, cikinsu cike da baƙaƙen ɗigo da ramuka.

Abu na farko da na riƙe shi ne, yawan fararen ƙwayoyi bai kai ƙarancinsu ban tsoro ba. Yaro yana zazzaɓi mai zafi, hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, amma ƙirga ya nuna farare sun yi ƙasa: wannan ba sauƙi ba ne. Sun ƙare ne, ko sun manne a bangon jijiyoyi.

Na biyu shi ne filatilet, 'yan ƙwayoyin da ke toshe rauni. Lafiyayye yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini, wato ɗan ƙanƙanin ɗigo. Sai ka ga na safe ya yi daidai, na yamma ya zube. Ga shi kuma ma'aikaciyar jinya tana aiko mini cewa, "Malam, jini yana tsiyaya ta bakin allurar ruwa, ya ƙi tsayawa," alhali yatsun marar lafiyar suna baƙi saboda gudan jini ya toshe su. Daskarewa da zubar jini a jiki ɗaya, a lokaci ɗaya.

Bayanin yana wajen nutrofil ɗin nan. A 2004 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Balin, Brinkmann da Zychlinsky da abokan aikinsu, suka nuna cewa nutrofil ba haɗiye bakteriya kawai yake yi ba. Yakan warware zaren DNA da ke cikin cibiyarsa ya watsa shi waje, ɗauke da sinadarai masu kisa, kamar yadda masunci ke jefa birgi. Bakteriya ta maƙale, amma filatilet ma suna maƙalewa, zaren daskarar da jini ya hau kai. A gefe guda, gubar da ke jikin bakteriyar sanƙarau tana sa wasu fararen ƙwayoyi su fitar da sinadarin da ke kunna daskarewa, sinadaran kumburi kuma su sa jijiyoyi su saki, ruwa ya yoye, matsin jini a jijiyoyi ya faɗi. A ƙurji ɗaya wannan dabara ce mai kyau, tana killace cuta wuri guda. Idan ta game jiki, ƙananan jijiyoyin ƙoda da huhu da fata su toshe, kayan daskarewa su ƙare, shi ya sa jini ke zuba.

An gwada gyara wannan da magani. Xigris, wanda aka yi da sinadarin hana daskarewa na jiki, ya fito a 2001, aka janye shi a 2011 bayan babban gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa. A ganina dalilin a fili yake: kumburi da daskarewa a sarƙe suke, kwance ɗaya ba ya sakin ɗayan. Abin da ke aiki har yau shi ne allurar kashe bakteriya irin seftiriyakzon da wuri, da ƙarin ruwa.

Saboda haka na canja yadda nake aiki. Ba na jiran a zo karɓar sakamako. Da na ga filatilet sun faɗi da ƙananan nutrofil a gilashi, ni da kaina nake kai wa likita, in nemi a sake ɗiba bayan 'yan sa'o'i. Nakan kuma roƙi masu jinya su duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido, domin ɗigon jinin da ke fitowa a ƙarƙashin fata ba ya saurin nunawa a baƙar fata. Idan an danna shi da gindin kofin gilashi bai ɓace ba, jini ne ya fita daga jijiya, ba ƙuraje ba ne.