Yadda adafta ta ci min fim guda a kan Dala

Kyamarar Baba ce, Pentax K1000, irin wadda aka fara fitarwa a 1976, ƙarfe ce zalla, ko babu batir tana ɗaukar hoto don mitar haske ce kawai ke cin batir. Lens ɗinta na asali ya yi fumfuna a ciki, sai na yi odar wani tsohon lens na zamanin Tarayyar Sobiyat, Helios-44M-4, 58mm f/2. Matsalar ita ce bakinsa M42 ne, murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba, ita kuwa kyamarar bakin K gare ta. Sai na haɗa da wata adafta mai araha, ban ma duba ta da kyau ba.

Ranar da na hau Dala batirin mita ya mutu, ashe ita K1000 ba ta da makunni, in ka bar ta babu murfin lens haka za ta yi ta zuƙe batir. Na ce ba komai, ai akwai manhajar auna haske a waya. Fim ɗin Kodak Gold 200 ne, rana tsaka, na sa f/16 (wato idon lens a tsuke sosai) da saurin shata 1/250 na daƙiƙa na yi ta ɗauka har 36 suka ƙare, ina ta jin kaina.

Da aka wanko, wallahi sai da gabana ya faɗi. Nagatif ɗin ya yi duhu ƙirin, hotunan kuma fari fat kamar an watsa musu gari, rufin gidajen cikin gari duk sun narke, babu abu ɗaya na nesa da ya fito tas. Da farko mai wankin na zarga, Allah Ya yafe min.

Sai da na zauna na buɗe bayan kyamarar babu fim, na sa shata a B, inda take zama a buɗe muddin kana danne, na danna ina leƙen ramin lens ɗin. Na juya zoben da ke buɗe idon lens ko tsuke shi daga f/2 har f/16, ko motsi idon bai yi ba. Ashe akwai wani ɗan tsinken ƙarfe a bayan lens ɗin, a kyamarorin M42 na asali akwai abin da ke tura shi lokacin ɗauka sai idon ya tsuke, a Pentax K kuwa babu mai taɓa shi. Wasu Helios ɗin suna da maɓallin A da M, in ka sa a M idon na tsukewa ba sai an tura tsinken ba, wannan nawa babu. Kenan duk hotunan a f/2 na ɗauke su, mataki shida na haske fiye da kima, fim mai kala yana haƙuri da ƙarin mataki biyu ko uku amma shida ai zalunci ne.

Shi kuma dishi-dishin nesa laifin adaftar ne. Tazarar bakin kyamara zuwa fim a M42 da K iri ɗaya ce, 45.46mm, don haka dole adafta ta nutse cikin bakin gaba ɗaya. Tawa tana da leɓe a waje da ke ɗaga lens ɗin kaɗan, wannan ɗan kaurin ya isa ya hana ka kama nesa. Na nemo mai nutsewa, ita kuma cire ta sai ka danne wani ɗan sifirin da farce, ranar farko na kusa minti goma ina fama.

Tsinken kuwa, sai na kwance bayan lens ɗin na sa masa guntun bututun biro ya danne shi dindindin. Yanzu a f/2 nake saita fokas saboda haske, sannan in tsuke, in duba allurar mita, in danna. Na sayi batirin LR44 guda biyu, ɗaya na cikin jaka, murfin lens kuma na ɗaure shi da zare.