Gyaran tsohon lambu: daga bishiya muke farawa

Sana'ata raino da dashen itatuwa ce. Ina da ɗan gandun dashe a Kaduna, ni da yarana, kuma yawancin aikin da muke samu shi ne farfaɗo da tsofaffin lambuna na gidaje da makarantu. Duk sabon yaron da ya zo koyo, nakan kai shi Ƙofar Gamji tukuna ya ga abin da ake nufi da tsohon wurin shaƙatawa.

Wurin yana bakin Kogin Kaduna, kuma yanzu sunan Janar Hassan Usman Katsina yake ɗauke da shi, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. A ciki ne gadar Gwamna Lugga take, ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da aka fara kafawa a Zungeru a 1904. Bayan hedikwatar Arewa ta tashi daga Zungeru ta koma Kaduna aka kwance ta aka kawo nan, a 1956 kuma aka saka ta cikin kayan tarihin ƙasa. Gada dai an ɗauko ta daga wani gari. Inuwar da ke wurin kuwa ba mai iya ɗauko ta a mota, shekaru ne suka yi ta.

Wannan nake ta faɗa wa masu ba mu aiki. Da an ce gyara, hankalin kowa sai ya tafi kan fenti da fitilu da shimfiɗa siminti. Na sha zuwa wurin da aka zuba kankare har gindin tsohon maɗaci. Saiwa ta rasa ruwa da iska, bayan 'yan damuna ganye ya fara zuba daga sama, a ce wai tsufa ne.

Mu kuwa da zagaye muke farawa, bishiya bayan bishiya. Mu duba kauci a rassa mu sare shi tun bai shanye uwar ba. Mu ƙwanƙwasa gindi da bayan gatari: in ya amsa kamar ganga, gara ta riga ta shiga. Reshen da ya bushe da zarto ake yanke shi a daidai mahaɗa, don sarar adda tana barin rauni inda ruwa zai kwanta. Sannan mu sassauta ƙasar gindi mu zuba ruɓaɓɓen taki.

Sabon dashe sai damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. A bakin kogi kuma dole a tuna ambaliyar Agusta da Satumba, don haka muna ɗaga kunya mu kafa wa kowane tsiro sanda. Ni na fi son ceɗiya da durumi da maɗaci a kan itatuwan ado da ake yayi, duk da masu gida sukan ce ba sa saurin girma. Wahalar duk tana rani na farko: ban ruwa safe da yamma, da shingen ƙaya saboda awaki. Shi ya sa tun wajen ciniki nake saka kuɗin ban ruwan rani a cikin lissafi, wanda bai yarda ba kuma nakan ba shi haƙuri mu rabu lafiya.