"Bai yi tari ba" ba hujja ba ce

Kuskuren da ya fi tsada a ɗakin tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki shi ne a miƙa wa Baba kofin ruwa lokacin zagayen safe, ya kurɓa, a ga bai ƙware ba, babban likita ya ce a fara ba shi abinci. Kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da sarƙewar numfashi. A nan laifi yakan faɗa kan ma'aikaciyar jinyar dare ko 'yar da ke ba shi kunu. Wanda ya ba da umarnin kuwa, ba mai tambayarsa.

Idan jijiyoyin maƙogwaro suka daina ji, ruwa yana iya zarcewa huhu ba tari ko ɗaya. Shi ya sa ba a farawa da kofi. A zaunar da shi a miƙe, a tabbatar zai iya minti 15 a farke, a wanke masa baki, a ce ya yi tari da gangan, sannan ya haɗiye yawu, yatsan mai gwajin yana kan maƙogwaronsa don jin tashinsa. Gwajin haɗiya na GUSS, wanda aka fitar a Ostiriya a 2007, yana farawa ne da abu mai kauri, rabin ƙaramin cokali, kafin ruwa: mililita 3, 5, 10, 20, sannan 50. Busasshen burodi ne ƙarshe. Bayan kowace haɗiya a ce, "Baba, ku ce aa." Murya ta yi gargada kamar mai kurkure, ko yawu ya dalalo, a dakata nan take. A leƙa kumatun ɓarin da ya shanye, can abinci ke maƙalewa.

Kalmar "mai kauri" a takarda ba ta da amfani, domin kaurin kowa daban. A tsarin IDDSI, ma'aunin kauri na ƙasa da ƙasa, ana cika sirinjin mililita 10 da abin shan, a saki daƙiƙa 10. In ragowar ta haura mililita 8, mataki na 3 ke nan, wato matsakaicin kauri. Koko ma yakan yaudara: yawun da ke komawa kan cokali yana narkar da sitaci, kafin a kai rabin kwano ya tsinke.

Shinkafa cikin miya tsululu, lemu da kankana suna da haɗari, ruwa da tauri ne a loma ɗaya. Ya zauna minti 30 bayan ci. A maimaita gwajin da yamma, lokacin da gajiya ta kama shi.