Shattered Pixel Dungeon: masu cewa a ajiye takardun haɓaka kaya sun cuce ni

Duk inda ake hirar Shattered Pixel Dungeon, gem ɗin nan da kake gangarawa ƙarƙashin ƙasa hawa-hawa kana faɗa da dodanni, shawara ɗaya ce take yawo, kowa ita yake maimaitawa kamar karatun allo: kar ka taɓa takardun haɓaka kayanka, waɗanda in ka karanta ɗaya take ƙara wa makami ko sulke mataki ɗaya, sai ka samu babban sulke ko babban makami, ka ajiye su, ka daure. To ni na ajiye, na daure, kuma na mutu a hawa na 13 da takardu 7 a jaka ko ɗaya ban karanta ba, ga sulken faranti kwance kusa da su a jakar, shi ma ban taɓa sa shi ba. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, domin shawarar ba ƙarya ba ce, rabinta kawai suke faɗa, rabin da zai ceci ranka kuma su bar shi a cikinsu.

Wanda ya buga gem ɗin ya san lissafin. Hawa 25 ne kafin ka kai na 26 inda Amulet of Yendor yake, layar da ake nema a ƙarshen gem ɗin, an kasa su yanki 5, kowane yanki yana ba ka takardar haɓakawa 3 da kwalbar ƙarfi 2, shikenan, 15 da 10 ke nan duk tafiyar. Ba a sayar da su a shago, ba kuma wani dodo da za ka yi ta kashewa yana zubo maka su. Saboda haka na fahimci tsoron mutane, in ka zuba takardu 5 a kan rigar fata sannan ka tsinci sulken faranti a gaba, ai ka yi asara. Evan Debenham da ya fitar da gem ɗin a 2014, a kan Pixel Dungeon na Watabou ya gina shi, da gangan ya ƙayyade su haka don mutum ya yi ta wasi-wasi. Kuma wallahi ya yi nasara a kaina.

Da Warrior nake bugawa, ɗaya daga cikin jaruman da ake zaɓa. Magudanar ruwa, yankin farko, ba ta ba ni wahala ba, Goo babban dodon yankin na ja shi nesa da ruwa na gama da shi, in ya fara kumbura in matsa gefe, wannan kowa ya sani. Takarda ɗaya na karanta wa rigar farko saboda hatimin nan na Warrior yana ɗaukar mataki ɗaya ya tafi da shi kan sabon sulke, ita kaɗai ce masu ba da shawara suka halatta min. A gidan yari, yanki na biyu, wajen hawa na 8, na buɗe wani akwati sai ga sulken faranti. Na ji daɗi sosai, har na tashi zaune. Na duba, ƙarfi 18 yake nema, ni kuma ina da 13 a lokacin. Sai na ce ba komai, ai an ce a jira, na cusa shi a jaka na ci gaba da rigar fata ta. Na wuce Tengu, babban dodon gidan yari, da ƙyar, kwalaben magani biyu ya cinye min, na ɗauki Gladiator, ɗaya daga cikin salon faɗan da Warrior ke zaɓa bayan Tengu, na gangara kogo.

A kogo ne komai ya fara lalacewa a hankali. Jemagun can ba su da mutunci, suna da gudu kuma duk cizon da suka yi maka jininka ne yake komawa jikinsu, ka sara ka sara abu ya ƙi mutuwa. Kowane faɗa sai na fito da rabin rai, in tsaya in huta yunwa ta taso, in ci abinci abincin ya ƙare, in sha raɓar da ke salka ita ma ta ƙare. Duk wannan lokacin takardu na taruwa a jaka, 5, 6, 7, ina kallonsu ina jin kaina wani mai dabara. A hawa na 12 na sha kwalbar ƙarfi ta biyar, na koma 15. Ku riƙe wannan lambar dan Allah, 15.

Hawa na 13 na shiga wani ɗaki mai faɗi, ƙaton gnoll ɗin nan mai gatari, dodo mai kama da kura, ya farka, daga can nesa kuma bokansu ya fara jifana da tsafi. Na ja baya zuwa ƙofa yadda aka saba, don bokan ya daina ganina shi kuma ƙaton in same shi da saran bazata yana shigowa. Ya yi aiki, na sauke masa jini har ƙasa. To amma ƙaton nan in jininsa ya ƙare ba ya faɗuwa, haukacewa yake, wata garkuwa ta hau kansa dukansa ya ƙaru, sai garkuwar ta zube sannan ya mutu. Duka biyu ya yi min na ga layin jinina ya koma ja. Na sha kwalbar magani ta ƙarshe, ita kuma ba nan take take cika ka ba, a hankali take hawa, kafin ta hau jemage ya shigo ta bayana. A nan ne na buɗe jaka ina kallon takardun nan 7, gem ɗin bi da bi ne, ka yi taku dodanni su yi nasu, kowacce karanta ta taku ɗaya ne, sa sulke ma yana cin nasa lokacin, ni kuma taku biyu ya rage min a duniya. Na rufe jakar na kai sara na ƙarshe, na kuskure. Kabari ya fito a fuskar waya.

Abin da ya fi ƙona min rai ba mutuwar ba ce, a gem irin wannan mutuwa ai abincin yau da kullum ce, ka mutu ka koma hawa na 1 babu wani ajiya. Daga baya ne na gano cewa haɓaka kaya yana rage ƙarfin da yake nema. A +1 ya sauka da ɗaya, a +3 ya sauka da biyu, a +6 da uku, a +10 da huɗu. Wato sulken faranti mai neman 18, in ka zuba masa takardu 6, 15 yake nema. Ƙarfina nawa ne a lokacin? 15. Takardu nawa ne a jakata? 7, ga kuma mataki ɗaya a kan hatimi. Tun daga hawa na 12 ina yawo da sulke +8 a warwatse cikin jaka, ina sanye da rigar fata ina shan duka, ina jiran ƙarfi 18 wanda ba zai cika ba sai na sha kwalba ta takwas, can ƙarshen birnin wadanni, wajen da ko a mafarki rigar fata ba za ta kai ni ba.

Duk masu cewa ajiye ajiye, ban ga wanda ya ƙara wannan jimlar ba a inda na karanta. Su a wajensu abu ne sananne, sun buga shekara da shekaru, sun manta akwai lokacin da ba su sani ba. Ban kuma ga lambar ta sauka ba tunda ban taɓa gwada takarda a kan sulken ba, ni kuma an riga an tsorata ni da taɓa ko ɗaya. Kun ga yadda abin ya haɗu.

Akwai waɗanda na ba wa labarin suka ce ai ko da sulken ne bokan zai kashe ka, tsafinsa ba ruwansa da sulke. Gaskiya ne tsafin boka ratsa sulke yake. Amma ba boka ne ya kashe ni ba, gatari ne da haƙorin jemage, su kuma sulke yana tare su. Kuma ba wannan faɗan kaɗai ba, duk kwalaben maganin da na sha a hawa na 11 da 12 saboda ƙananan faɗa, da suna nan a jaka lokacin da ƙaton ya haukace. Mutuwar tawa tun hawa biyu baya aka fara rubuta ta.

Wani ra'ayin da nake yawan gani, musamman a wajen masu ba shi tauraro ɗaya a Play Store, shi ne wai gem ɗin sa'a ce zalla, in ba ka tsinci kaya mai kyau ba ka mutu. Da ina cikinsu, yanzu na fita. Sa'a ta ba ni sulke mafi girma a gem ɗin tun hawa na 8, me kuma zan ce mata? Kuma in ka lura abubuwa da yawa da suke kama da sa'a a tsare suke. Ɗakin da aka toshe da katako, akwai kwalbar wuta a wannan hawan da za ka ƙona shi da ita. Ɗakin da ruwa ya cika da kifayen nan masu cizo, akwai kwalbar ɓacewa. Ɗakin da tarko ya cika, akwai ta tashi sama. Kalar kwalabe tana canzawa kowace tafiya amma da irin wannan kana iya gane wacce ce wacce ba tare da ka kurɓa ka cinna wa kanka wuta ba. Macijin hawa na 1 da mutane suke zagi wai ba ya saruwa, an sa shi ne don ya koya maka dabarar ƙofa, ka tsaya bayanta ya leƙo ka sare shi, saran bazata ba ya kuskure. Inda na yarda da masu ƙorafin shi ne gem ɗin rowar bayani gare shi a wasu wuraren, akwai shafukan littafin jagora da kake tsinta a ƙasa amma wa yake tsayawa ya karanta su da kyau yana gudun ƙaguwa.

Su kuma ƙwararrun, masu buga shi da ƙalubale 6 ko 9 a kunne, matsalata da su ita ce suna ba sabon shiga shawarar da ta dace da hannunsu ne. Mutumin da ya san kowane iri da kowane dutsen tsafi, ya san yadda zai wuce gidan yari da rigar tsumma da wuƙaƙen jifa, shi kam ya ajiye takardunsa har hawa na 16 ma, ba abin da zai same shi. Kai da har yanzu ƙwarangwal yake fashe maka a fuska, ɓarawo ya sace maka kaya ya arce, mai gadi ya jawo ka da sarƙa, ba ka da wannan sararin. Shawararsu ta wanda zai kai ƙarshe ce, kai kuma damuwarka ka kai hawa na gaba.

Tafiyar da na yi bayan nan da fushi na shige ta. Fatalwar nan mai baƙin ciki ta magudanar ruwa, bayan na kashe mata abin da ta aike ni, ta ba ni zaɓi tsakanin makami da sulke, na ɗauki sulken sarƙa mai neman 14. Ina da 12. Ban yi shawara da kowa ba na zuba masa takardu har ya kai +3, ya sauko 12, na sa abina tun kafin Goo. Na san me za a ce, wai a jerin sulke mataki na uku ne kawai cikin biyar, ɓarna ce, da ka jira na huɗu ko na biyar. To da wannan ɓarnar na wuce gidan yari ban sha magani ko ɗaya ba sai a wajen Tengu, na shiga kogo jemagu suna cizo lamba 0 da 2 tana tashi a kaina, ƙaton gnoll ya haukace na tsaya a gabansa har garkuwarsa ta zube ya faɗi da kansa. Daɗin da na ji a wannan lokacin, Allah kaɗai ya sani. Duk takardar da na tsinta a nan take nake karanta ta, yawanci kan sulken, kaɗan kan takobi. DM-300, babban dodon kogo, ya faɗi, Sarkin wadanni ya wahalar da ni sosai amma shi ma ya faɗi. A zauren shaiɗanu ne idon nan mai harba haske ya gama da ni a hawa na 23, shi ma sulke ba ya tare shi, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan, jakata babu takarda ko ɗaya lokacin da na mutu.

Ba wai ina cewa ka zuba komai a kan rigar tsumma tun hawa na 2 ba fa. In abin da ke hannunka mataki na ɗaya ne ko na biyu, riƙe su zuwa ƙarshen magudanar ruwa ko farkon gidan yari, akwai shago a hawa na 6 wani lokacin ma a can za ka ga abin da ya fi naka. Amma da zarar mataki na uku ko sama ya shigo hannu, zauna ka yi lissafi, ƙarfinka nawa, yana neman nawa, takardu nawa za su cike giɓin, 1, 3, 6, 10. In lissafin ya fita ko da saura maki ɗaya ne, zuba, kwalbar ƙarfi ta gaba tana hanya. Sai dai ka tabbata ba tsinannen kaya ba ne kafin ka sa, in ya manne maka a jiki ba ya cirewa sai ka samu takardar warware shi ko ka karanta masa ta haɓakawa. Kuma ka yi wannan lissafin a kan matakala lokacin da babu kowa a kanka, ba a bakin ƙofa da gatari a wuya ba.

Gem ɗin kyauta ne a Android, ba ya cin data, ba ya damuwa da ƙaramar waya, shi ya sa in an ɗauke wuta shi nake buɗewa, a Steam da iPhone ne ake biya. Yanzu Huntress, jaruma maharbiya, nake gwadawa saboda ana ta zuzuta ta, wai bakanta da ciyawa sun isa komai. Na kai gidan yari da ita, kuma tuni an fara ce min kar in sa takarda a sulke, wai in jira zobe mai kyau ya fito. Na sa uku jiya da daddare.