Kwanon da Mama take rufewa da zane

Shekara 11 ke nan ina aiki a sashen masu tarin fuka na wata ƙaramar cibiyar lafiya a Jos, kuma babban aikina shi ne bin sawun waɗanda suka fara shan magani suka daina zuwa. Maganin kyauta ne, gwajin majina ma kyauta ne, amma sai an yi wata 6 cur ana shansa kullum: a wata 2 na farko ana haɗiyar ƙwayar da ta ƙunshi magunguna 4, a sauran wata 4 kuma a koma kan guda 2. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan 'yan makonni tarin yakan lafa, zufar dare ta ɗauke, bakin mutum ya buɗe, sai ya ɗauka ya warke. Idan ya ajiye maganin a nan, cutar tana iya dawowa ta ƙi jin maganin da aka saba, jinyarta ta ƙara tsawo da wahala, ga kuma 'yan gida da suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ni ce ake miƙa wa sunaye da kwatancen gidaje a ce in je in dawo da su. A makaranta an koya mana cike rajista da ƙirga ƙwayoyi, amma yadda ake shiga gidan mutum ba tare da an tona masa asiri ba, a wurin mahaifiyata na koya, kuma sai da na yi ɓarna sannan na gane cewa ta daɗe da koya mini.

Mama tana sayar da kayan miya ne a babbar kasuwar Terminus, har gobarar watan Fabrairun 2002 ta tashe su, ta koma Farin Gada. 'Yar Zumuntar Mata ce a majami'armu ta ECWA, ba ta cikin masu bayar da waƙa ko masu kaɗa tulu, kuma ban taɓa ganin an zaɓe ta wani muƙami ba. Abin da aka san ta da shi shi ne kowace Alhamis takan dama kunun gyaɗa ko ta dafa gwate, ta ɗora mini kwano a ka mu nufi asibitin Jankwano, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. A can akwai matan da suke zuwa daga jihohi masu nisa neman aikin yoyon fitsari, da yawansu mazajensu sun sake su, ba su da ko mai jinya. Mama takan tuɓe takalmi ta zauna a tabarmarsu, duk da zarnin da ni nake toshe hanci saboda shi, ta ce, "'Yar'uwa, na dama kunu ya yi mini yawa, ki taya ni sha." Ban taɓa jin kalmar taimako ta fito daga bakinta a gaban wadda take taimaka wa ba.

A unguwarmu ta Tudun Wada ma haka take yi. Idan za ta kai wa wata gwauruwa tsaba, sai rana ta faɗi, ta rufe kwanon da tsohon zane, kuma kafin ta fito daga gidan sai ta roƙi wani ɗan abu, gishiri ko ashana ko kanwa. Wannan ya daɗe yana ba ni haushi, domin na san akwai gishiri a gidanmu. Ranar da na tambaye ta, ta ce, "Ke 'yar nan, wanda kullum hannunsa ne a ƙasa, wata rana zai daina buɗe miki ƙofa. Bari ita ma ta san tana da abin ba ni."

Karatunta bai yi nisa ba, da yatsa take bin Littafi Mai Tsarki na Hausa layi bayan layi, kuma shafin da ya fi yin datti a nata shi ne Matiyu sura 25, inda Ubangiji ya ce ya yi rashin lafiya an je duba shi, kuma abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. Ita ba ta ɗauki wannan a matsayin misali ba. Takan ce idan Yesu ne kwance a tabarmar nan, ba za ki tsaya masa a ka kina magana ba, kuma ba za ki fita kina shelar ciwonsa ba. Haka nan umarnin da ke sura ta 6, cewa kada hagu ta san abin da dama take bayarwa, yawancin wa'azin da na ji a kansa gargaɗi ne ga mai bayarwa kada ya yi fahariya. Mama ta fahimce shi ta ɓangaren mai karɓa, wato an faɗe shi ne domin a rufa wa mabuƙaci asiri. Na yi shekaru ina sauraron masu ilimin tauhidi, kuma har yau ina ganin fahimtarta ta fi kusa da zuciyar maganar.

A shekarata ta biyu da fara aiki aka ba ni katin wani magidanci, mai shayi ne a bakin wata tasha, wanda ya yi mako 2 bai zo karɓar magani ba. Na tafi da farin kayan aiki, takunkumi a fuska, fayil a hannu, ina jin kaina mai ceton rai. Da na rasa gidan sai na tsaya a majalisar maza a bakin layi na ce ina neman gidan wane, mai karɓar maganin tari a wurinmu. Kafin magariba labari ya kai tasha. Mutane da yawa suna haɗa tarin fuka da cutar ƙanjamau, kuma da yake muna yi wa duk mai tarin gwajin ƙanjamau, zargin yakan ƙara ƙarfi. Masu shan shayinsa suka watse, cikin 'yan kwanaki ya kwashe teburinsa ya bar gari, da sauran wata 4 na magani a kansa. Na kira lambarsa har ta daina shiga.

Na kai wa Mama kukana ina sa ran ta lallashe ni. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni da wane kaya na je, kuma ko na zauna a gidan. Da na ba ta amsa sai ta ce, "To, ai takardarki kika je cikewa, ba shi kika je dubawa ba." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, kuma zafin nata ya zo ne daga sanin cewa gaskiya ce, domin abin da ke raina a ranar shi ne kada adadin waɗanda suka ɓace mana ya yi yawa a rahoton ƙarshen wata.

Tun daga nan na sauya yadda nake fita. Da atamfa da mayafi nake zuwa, maganin yana ƙasan leda, alayyafo ko tumatir a samansa, kuma gidan maman wance nake tambaya kamar kowace baƙuwa. Idan an kawo mini ruwa nakan sha a kofinsu a gaban kowa, domin ta iska ake ɗaukar cutar ba ta kofi ko cokali ba, kuma kurɓa ɗaya takan sa a daina ware wa mara lafiya kwanonsa fiye da dogon bayani. Sai na zauna an gaisa sosai nake jin ainihin abin da ya hana mutum zuwa. Wani ya ga fitsarinsa ya koma ja ya tsorata, alhali aikin ɗaya daga cikin magungunan ne, ba jini ba ne. Wani ba shi da kuɗin keke napep. Wata kuma maganin ya buɗe mata ciki, gida babu abinci, ta ga gara ta bar shi da ta riƙa kwana da yunwa biyu. Ko maganar buɗe taga sai da dabara, domin duk wanda ya san sanyin hunturun Jos ya san ba abu ne mai sauƙi ba a ce wa tsoho ya kwana taga a buɗe, sai dai mu daidaita a kan a buɗe da rana, a kuma fitar da yara zuwa wani ɗaki.

Saboda masu yunwar nan ne na koma wurin matan zumuntarmu, suka fara tara masara da wake mudu-mudu, ni kuma ina kaiwa ba tare da na faɗi sunan kowa ba. A nan ne nake da saɓani da abin da ya zama yayi a wasu majami'u, inda ake kiran gwauraye gaban jama'a ranar Lahadi, a miƙa musu shinkafa, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ban ce masu yin haka ba su da kyakkyawar niyya ba, amma na taɓa zama kusa da wata da aka kira sunanta, na ga yadda ta ja ɗankwali ta rufe fuska kafin ta miƙe.

Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 2008 da na 2010, sun raba unguwannin Jos har ya zama akwai layin da Kirista ke shakkar shiga, akwai wanda Musulmi ke shakka. Katunan da ke hannuna kuwa na Kabong ne da Gangare, na Angwan Rukuba da Angwan Rogo. Wata abokiyar aikina ta taɓa tambayata ko ina amfani da ziyarar wajen yin bishara. Na ba ta amsar da Mama ta taɓa ba wani dattijon ikilisiya, cewa kunu ba ƙugiya ba ne. Nakan yi addu'a kafin in fita, kuma wanda ya roƙi in yi masa nakan yi, amma inda na fi ganin bangaskiyata a wannan aiki shi ne ranar da zan koma gida ɗaya karo na uku bayan an rufe mini ƙofa sau biyu. A Gangare akwai wata Hajiya da ɗanta ya sha maganinsa har ƙarshe. Duk zuwan da na yi nakan ce, "Hajiya, a sammini daddawar nan taki," ita kuma ta ƙulle mini a leda tana cewa, "Malama, ki gaishe mini da tsohuwa." Maƙwabtanta har yau sun ɗauka ni mai sayen daddawa ce.

Mama ta tsufa yanzu, gwiwa ta hana ta zuwa Jankwano, amma duk yamma takan tambaye ni ko na sami shiga inda na je, ba ta kuma taɓa tambayar sunan kowa ba. Katin mai shayin nan yana cikin aljihun teburina, an rubuta a kansa cewa ya ɓace a wata na biyu. Duk lokacin da aiki ya kai ni wani gari, nakan rage tafiya a bakin tasha in duba fuskokin masu shayi.