Masu kwana a kangon wasu a Katsina, da haƙƙin da ba a faɗa musu ba

Wanda ya zaga titunan Katsina da tsakar dare yana neman masu kwana a bakin hanya ba zai ga da yawa ba, shi ya sa mutane suke ɗauka cewa rashin muhalli matsalar Legas ce ko Abuja. A nan abin ɓoye yake. Sai mutum ya shiga sababbin unguwannin bayan gari, inda gine-gine suka tsaya a linta, sannan zai ga kangon da aka toshe tagoginsa da buhu da kwali, aka rataya tsohon zane a madadin ƙofa, ga murhu a tsakiyar abin da mai gini ya yi niyyar ya zama falo. Iyali guda ne a ciki, wani lokaci biyu, kuma sun san cewa ranar da mai kangon ya samu kuɗin kwano, ranar za su naɗe tabarminsu. Wasu kuma suna raɓe a zauren dangi, ba a kore su ba, ba a kuma ce su zauna ba.

Yawancinsu ba talauci kaɗai ya fito da su ba. Hare-haren 'yan bindiga a Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume sun raba manoma da gidajensu da rumbunansu, mutanen da a ƙauyensu su ne masu saukar baƙi. Ambaliya ma ta yi nata ɓarnar, kamar wadda ta auka wa Jibiya a watan Yulin 2018, ta kashe mutane fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, NEMA, da takwararta SEMA ta jiha sukan kai ɗauki da shinkafa, katifu da barguna, kuma babu mai raina wannan. Amma buhun shinkafa ƙarewa yake yi, wurin kwana kuwa kullum dare ana bukatarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke kallon matsuguni a matsayin alfarma tsantsa, alhali wani sashe nasa haƙƙi ne da aka rubuta. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu muhalli mai dacewa, ko da yake sashe na 6 ya hana a kai ta kotu a kan babin da sashe na 16 yake ciki, wanda ya sa alkawarin ya raunana. Sai dai Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009, wadda ta wajabta wa gwamnatoci kāre waɗanda rikici ko bala'i ya raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, da ba su abinci, ruwa, matsuguni da magani, ta kuma hana a tilasta musu komawa inda rayuwarsu take cikin haɗari. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya ga dama a ƙasar. Saboda haka bafatake ko manomin da ya gudo daga bakin dajin Rugu ya sauka a Ƙofar Guga ba cin arziki ya zo yi ba.

Sai 'yan haya, waɗanda a ganina rashin sani ya fi cutarwa. Na ga gidan da aka cire wa ƙyauren ɗaki ana tsakiyar hunturu domin ɗan haya ya gaza biya, matarsa tana tare iska da tabarma, yara suna tari. Doka ba ta yarda da wannan ba. Ƙa'idar da aka sani a dokokin haya na jihohi, idan babu wata yarjejeniya daban tsakanin ɓangarorin biyu, ita ce a ba mai biya mako-mako notis na kwana 7, mai biya wata-wata notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara kuma wata 6. Bayan wa'adin ya cika, sai a sake ba shi takardar kwana 7 cewa za a kai shi kotu, kuma alƙali ne kaɗai yake da ikon cewa a fitar da shi, ta hannun ma'aikatan kotu. Yaye kwano, canza kwaɗo, ko turo matasa su watsar da kaya, duk laifi ne a kan mai gida, ko da kuwa da gaske yana bin bashi. Ba ina cewa a cinye wa mai gida kuɗinsa ba ne, domin sau da yawa shi ma da hayar yake ciyar da iyali, wani lokaci ma marayu ne suka gaje ta. Abin da nake cewa shi ne bashi yana da hanyar karɓarsa. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin hukumar ba da taimakon shari'a kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma ya adana rasit ɗin duk kuɗin da ya biya.

Game da mata kuwa, ba ma bukatar zuwa Kampala. Ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta a cikin idda, aya ta 6 kuma ta ce a zaunar da ita inda mijin yake zaune gwargwadon halinsa. Duk da haka, a garin da yaro yake haddace wannan sura tun bai balaga ba, ana miƙa wa mace takarda da daddare a ce ta tafi gidansu, alhali gidan nasu yana ƙauyen da aka ƙone. Mai takaba tana da wata 4 da kwana 10 a ɗakinta, tana kuma da tumuni a gadon mijinta idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba. Magadan da suka sayar da gida a kanta ba tare da an fitar mata da rabonta ba sun ci haram, kuma kotun shari'ar Musulunci tana sauraron irin wannan ƙara. Kunya da gudun surutun dangin miji ne suke hana yawancinsu zuwa, shi ya sa ya kamata limamai su riƙa faɗar wannan a kan mumbari da irin ƙarfin da suke faɗar hukuncin sakin kansa.

Ga masu hali, akwai hanyar da addini ya riga ya shimfiɗa. Aya ta 60 ta Suratu Tauba ta lissafa matalauta, miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka, don haka biyan hayar shekara ga iyalin da ake shirin kora yana cikin hurumin zakka. Wakafi kuma bai tsaya ga masallaci da rijiyar burtsatse ba. Attajirin da ya gina ɗakuna 10 da banɗaki da ruwa, ya rubuta su wakafi ga zawarawa da 'yan gudun hijira, ya danƙa rajistar a hannun mai unguwa da limami, ya toshe ƙofar da rabon kayan azumi ba ya toshewa. Masu unguwanni sun san kowane kango da wanda yake kwana a ciki, kuma da gwamnatin jiha za ta nemi wannan lissafin daga gare su ta hanyar hakimai, da ta san adadin ɗakunan da ake bukata kafin damina ta sauka.