Kwana uku ina girka Gentoo a Pantami

Ranar Juma'a bayan La'asar na fara girka Gentoo, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta; a lissafina kafin Isha'i na gama. Sai Litinin da safe na ga kwamfutar ta tashi da kanta. Halin Gentoo ke nan tun da Daniel Robbins ya fitar da 1.0 a 2002: ɗanyen abu take miƙo maka, wato rubutun manhaja (source code) da bai zama abin amfani ba tukuna, injinka ne zai dafa kowace manhaja da umarnin emerge.

Haɗama ce ta fara kayar da ni. Tsohuwar ThinkPad ce mai RAM giga 8, amma na rubuta MAKEOPTS="-j8" a fayil ɗin saituna na make.conf, wato injin ya yi aiki takwas a lokaci guda, don kawai na ga wani ya yi. Jagoran Gentoo kuwa cewa ya yi a ware wa kowane aiki kusan giga 2. Ga zafin Gombe na Afrilu, fankar ciki tana kuka kamar injin markaɗe. Girkin LLVM, wata ƙatuwar manhaja, yana tsakiya komai ya sandare. Na mayar da shi -j3, na ɗora kwamfutar kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Hajiya ta leƙo ta ce, "Kai yaron nan, wannan abin ba zai kama da wuta ba?"

Sai maganar ɗauke wuta. Idan batir ya mutu, emerge --resume zai ci gaba da jerin, amma manhajar da ake kai lokacin daga farko za ta koma. Awa huɗu na yi asara haka. Kada ka ɗora babban girki sai ka tabbata da sola ko janareto. Data kuma, ka sauko da komai da dare lokacin da take araha da emerge --fetchonly, washegari ka dafa ko babu intanet.

Girman kai ne ya hana ni ɗaukar gentoo-kernel-bin da firefox-bin, wato dafaffen kernel (zuciyar Linux) da dafaffiyar burauzar Firefox, tun farko, wai ni gwani. Ɗauke su, malam. Tun Disambar 2023 ma Gentoo da kanta take raba dafaffun manhajoji, --getbinpkg kawai za ka ƙara. USE kuwa, wato saitin da ke zaɓar abubuwan da za a haɗa a cikin kowace manhaja, ka bar shi yadda profile (saitunan asali da ka zaɓa) ya zo da shi sai injin ya tashi tukuna.

Kafin ka sake kunnawa, duba fstab (fayil ɗin da ke jera sassan diski), saka kalmar sirri da passwd, ka kuma girka linux-firmware, wanda na'urori irin su wifi ke buƙata. Ni na manta na ƙarshen, na tashi babu wifi. Dole na koma neman filashin da na yi girkin da shi, wanda na riga na ara wa ƙanina, shi kuma ya tafi da shi Kumo.